Kare da Mai Kare a Gaban Shari'a: Tarihin Dokar Karnuka Masu Haɗari a Birtaniya

Tambayar da shari'o'in duniya suka daɗe suna yi idan kare ya ciji mutum ita ce ko mai karen ya san halin karensa kafin ɓarnar ta auku, kuma a kan amsar wannan tambaya ake rataya lamuni, wato nauyin biyan abin da aka ɓata ko diyyar wanda aka raunata. Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun da ke hannun masana a kan haka ta fito ne daga ƙasar Iraƙi ta yanzu, inda masu tonon kayan tarihi suka gano allunan yumɓu biyu a Tell Harmal, gefen Bagadaza, a shekarun 1945 da 1947, ɗauke da dokokin masarautar Eshnunna waɗanda aka rubuta kusan shekara 1,800 kafin haihuwar Annabi Isa. A cikinsu an tanadi cewa idan kare mai cizo ne, hukumar unguwa kuma ta sanar da mai shi amma bai tsare shi ba, har ya ciji mutum ya mutu, to zai biya shekel 40 na azurfa, idan kuwa mamacin bawa ne zai biya shekel 15. Shekel dai ma'aunin nauyi ne na wancan zamani da ya ɗara giram takwas kaɗan.

Wanda ya zauna a zauren malamai a ƙasar Hausa ba zai ji wannan ƙa'ida baƙuwa ba, domin littafin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda shi ne madogarar Malikiyya a wannan yanki, ya lissafa ajiye kare mai cizo cikin abubuwan da ke zama sanadin kisa, tare da haƙa rijiya da ɗaure dabba a kan hanya, ya kuma ambaci gargaɗin da aka riga aka yi wa mai karen. Tsakanin allunan Eshnunna da Muhtasar akwai shekaru fiye da dubu uku, amma idon alƙali a wuraren biyu yana kan mutumin da aka gargaɗa ya ƙi ji, kare kuwa dabba ce da hukunci bai hau kanta ba.

A Ingila ma haka abin ya faro. Dokar ƙasar ta asali, wadda ta ginu a kan hukunce-hukuncen alƙalai da ake gadonsu daga shari'a zuwa shari'a, ta kasa dabbobi gida biyu: na dawa irin su zaki da biri, waɗanda duk mai ajiye su ya ɗauki nauyin ɓarnarsu ko ya sani ko bai sani ba, da kuma na gida, waɗanda ake kyautata musu zato har sai sun nuna mugun hali. Kare ya faɗa kashi na biyu, saboda haka wanda aka ciza ba shi samun komai sai ya tabbatar wa kotu cewa mai karen ya riga ya san karensa na da wannan hali. Lauyoyi suna kiran ƙa'idar da kalmar Latin scienter, ma'ana da saninsa, talakawa kuwa suka taƙaita ta da cewa kowane kare yana da cizo ɗaya kyauta. A wata shari'a ta 1747, tsakanin Smith da Pelah, babban alƙali ya yanke cewa wanda ya san karensa ya taɓa cizon mutum amma ya ci gaba da sakinsa, to cizo na biyu yana wuyansa ko da wanda aka ciza ne ya taka wa karen yatsu, domin kamata ya yi a ce ya kashe shi tun daga labarin farko. Raunin wannan tsari a bayyane yake, tunda wanda aka fara ciza ba shi da inda zai kai kuka, na biyu kuma sai ya nemo shaidar abin da ke cikin zuciyar wani. Majalisar dokoki ta fara toshe wannan ƙofa a 1865, sai dai ta toshe ta ne don shanu da tumaki: daga shekarar mai kare zai biya ɓarnar da karensa ya yi wa dabbobin kiwo ba tare da an nemi shaidar saninsa ba, alhali ɗan Adam da aka yage wa ƙafa yana nan a kan tsohuwar ƙa'ida. Majalisar da masu gonaki suka cika ta ba tunkiya gatan da ba ta ba yaron talaka ba, kuma ko dokar dabbobi ta 1971, wadda ta sake tsara wannan babi, ta bar sanin mai dabba a matsayin sharaɗi idan mutum aka ji wa rauni.

Ƙarni na 19 ne ya mai da batun kare batun tsaron jama'a, saboda garuruwa sun cika sun batse, karnuka marasa galihu kuma suna yawo a lunguna. A 1835 an haramta wasan gwara karnuka da bijimi da kuma faɗan karnuka, amma da yake ɓoye bijimi da taron 'yan kallo yana da wuya, ɓoye karnuka biyu a ramin da aka kewaye da katako a bayan mashaya kuwa abu ne mai sauƙi, sai faɗan karnuka ya koma ƙarƙashin ƙasa ya ci gaba. Karnukan da ake kiwo don wannan caca, waɗanda aka samo ta hanyar haɗa karen kama bijimi da ƙananan karnukan farautar ɓeraye masu zafin nama, su ne masu ƙaura suka tafi da su Amurka, inda suka zama abin da ake kira pit bull, sunan da kalmarsa ta farko ke nufin wancan ramin faɗa. Dokar 'yan sandan Landan ta 1839 ta sa tara a kan wanda ya saki mugun kare ba takunkumi, sannan dokar karnuka ta 1871 ta ba ƙananan alƙalai ikon sauraron ƙara a kan duk karen da aka ce yana da haɗari kuma ba a tsare shi yadda ya kamata, su umarci mai shi ya tsare shi ko su sa a kashe shi. Dokar ba ta tambayi irin karen ko kamanninsa ba, abin da ya aikata da yadda ake riƙonsa su ne abin dubawa.

Abin da ya fi tsorata mutanen wancan zamani shi ne haukan kare, cutar da ke bin yawun dabba ta shiga jiki ta hanyar cizo, wadda da zarar alamunta sun bayyana ba a tashi. Walter Long, wanda ya shugabanci hukumar aikin gona daga 1895 zuwa 1900, ya tilasta sanya wa karnuka takunkumi a yankunan da cutar ta ɓulla tun daga 1897, ya kuma ƙuntata shigo da karnuka daga waje. Masu karnuka sun yi masa ca, suna ƙorafin cewa an keɓe karnukan farautar masu hannu da shuni an matsa wa na talakawa, kuma ƙorafin yana da tushe. Duk da haka zuwa 1902 cutar ta ƙare a ƙasar, da ta sake shigowa a 1918 kuma aka kawar da ita zuwa 1922. Wannan nasara ta koya wa hukuma cewa takunkumi da tilas suna aiki, darasin da aka tuno da shi bayan shekaru 90 a kan matsalar da ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba.

Akwai kuma lasisin kare, wanda aka kafa a 1867 a kan sule 5, aka ɗaga shi zuwa sule 7 da sisi a 1878, daga nan kuwa ba a ƙara ko anini ba har tsawon shekaru fiye da ɗari. Da aka sauya kuɗin ƙasar a 1971 sai ya koma kwabo 37 da rabi na sabon kuɗi, da aka janye rabin kwabo a 1984 ya zama kwabo 37, kuɗin da ake kashewa wajen karɓarsa ya ninka abin da yake kawowa, yawancin masu karnuka kuma ba su ma damu da yankarsa ba. Maimakon a gyara shi, gwamnatin Margaret Thatcher ta soke shi a 1988, in ban da Ireland ta Arewa da ta riƙe nata. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA da wasu 'yan majalisa sun nemi a maye gurbinsa da rajistar karnuka ta ƙasa baki ɗaya, gwamnati ta ƙi, a 1990 kuma majalisar wakilai ta yi watsi da shawarar da ƙaramar tazarar ƙuri'u. Saboda haka lokacin da tashin hankali ya zo, hukuma ba ta da wata takarda da ke haɗa kare da sunan mai shi.

Tashin hankalin ya faro ne da karnukan Rottweiler, bayan biyu daga cikinsu sun kashe wata yarinya 'yar shekara 11 a Sikotland a 1989, abin da ya sa aka ƙara tsaurin hukuncin dokar 1871 a shekarar. A bazarar 1991 kuwa hankali ya koma kan pit bull, wanda aka riƙa shigo da shi daga Amurka tun shekarun 1970: wani mutum a garin Lincoln ya rasa wani ɓangare na fuskarsa, sannan a watan Mayu wata yarinya 'yar shekara 6 a Bradford ta sha munanan raunuka, jaridu kuma suka buga hotunansu a shafin farko kwana da kwanaki. Kenneth Baker, sakataren harkokin cikin gida a gwamnatin John Major, ya gabatar da daftarin doka wanda majalisar wakilai ta gama dukkan matakansa a yini guda, ranar 10 ga Yuni, Sarauniya ta amince da shi ranar 25 ga Yuli, ya fara aiki ranar 12 ga Agusta. Har yau malaman shari'a a Birtaniya suna kafa misali da wannan doka idan suna koyar da illar dokar da aka yi cikin fushi da gaggawa.

Dokar tana da sassa biyu masu muhimmanci, kuma ruhinsu ya sha bamban. Sashe na 3 ya bi tsohuwar hanya, inda ya mai da laifi ne ga duk mai kare, ko wane iri ne, ya bari karensa ya ƙwace masa ta yadda zai zama haɗari a bainar jama'a. Sashe na 1 shi ne sabon abu, domin ya haramta kiwo da sayarwa da kyautarwa da mallakar karnukan da aka ce an samar da su don faɗa, wato pit bull da Tosa na Japan, aka kuma ƙara Dogo na Ajantina da Fila na Burazil ta hanyar umarnin minista, ko da yake waɗannan ukun da ƙyar ake samun su a ƙasar. Wanda ya riga ya mallaki irin wannan kare an ba shi zuwa ƙarshen Nuwamba ya shigar da shi rajistar waɗanda aka keɓe, bisa sharaɗin a dandaƙe shi ko a hana karya haihuwa, a yi masa lamba a jiki, a yi masa inshorar da za ta biya wanda ya cutar, kuma kada ya taka waje sai da takunkumi da tsawo a hannun wanda ya kai shekara 16. Ta haka kare ya zama abin hukunci saboda halittarsa, ko da bai taɓa yi wa kowa haushi ba.

Nan take aka ci karo da wata matsala: ƙungiyar da ke rajistar jinsunan karnuka a Birtaniya, wadda aka kafa a 1873, ba ta san pit bull a matsayin jinsi ba, babu kuma takardar asali da za a nema. Don haka masu rubuta dokar suka kauce wa kalmar jinsi suka yi amfani da kalmar da ke nufin nau'i ko siffa, a 1993 kuma babbar kotu ta fassara ta da cewa ya wadatar kare ya kasance da mafi yawan siffofin jiki da wata ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta zayyana a shekarun 1970. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne ɗan sandan da aka horar zai tsayar da kare, ya ɗauko tef irin na tela, ya auna tsayinsa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, ya gwada shi da tsawonsa daga kafaɗa zuwa ƙugu don ganin ko sun yi kusan daidai, ya dubi faɗin kai da zurfin ƙirji da kaurin gindin wutsiya, sannan ya rubuta ra'ayinsa. Gwajin jini ba ya shiga lissafi, asalin uwa da uba ma haka, shi ya sa kwikwiyo biyu na ciki ɗaya za su iya girma ɗaya ya zama haramtacce ɗaya halattacce. Dokar ta kuma juya nauyin kawo shaida, ta yadda idan mai gabatar da ƙara ya ce kare pit bull ne, kotu za ta ɗauka haka ne sai mai shi ya tabbatar da akasi, kuma idan laifi ya tabbata alƙali ba shi da zaɓi sai ya ba da umarnin kisa.

Shari'ar wata karya mai suna Dempsey ta nuna inda wannan tsauri ke kaiwa. Tana cikin rajista, an cika mata dukkan sharuɗɗa, amma a 1992 wani da ya fita da ita yawo a yammacin Landan ya ga tana yunƙurin amai, sai ya kwance mata takunkumi don kada ta shaƙe, 'yan sanda suka gani, kotu kuma ta yanke mata kisa kamar yadda doka ta tilasta. Ta shafe shekaru uku a tsare ana ɗaukaka ƙara, 'yar wasan Faransa Brigitte Bardot har ta yi tayin karɓarta, sai a 1995 babbar kotu ta sake ta, dalilin sakin kuwa bai shafi halinta ba, an dogara ne da cewa ba a sanar da mai ita zaman shari'ar farko ba. A wata shari'ar ta 1993 an yanke cewa cikin motar mutum da ke kan titi ma bainar jama'a ce, saboda haka karen da ke kwance a kujerar baya ba takunkumi ya karya doka.

Baker da kansa ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa na 1993 cewa karnukan da aka fi kai ƙararsu kan cizo su ne Alsatian da sauran na gida, kuma haɗa Rottweiler da Doberman da Alsatian cikin haramcin zai harzuƙa masu hali na karkara, alhali masu pit bull da ke fitowa a talabijin da zane a jiki da 'yan kunne sun sauƙaƙa masa aiki. Wannan ikirari yana da nauyi, domin ya nuna cewa wajen zaɓen karen da za a haramta an dubi wanda ke riƙe da tsawon, kamar dai yadda aka yi a zamanin takunkumin Walter Long.

Gyare-gyaren da suka biyo baya sun riƙa komawa kan mai kare sannu a hankali. A 1997 an cire tilascin kisa, aka ba alƙali damar barin kare da rai idan ya gamsu ba barazana ba ne ga jama'a. Babban giɓin da ya rage shi ne sashe na 3 bai shafi abin da ya faru a cikin gidan da kare ke da izinin zama ba, alhali a nan ne yawancin munanan cizo ke aukuwa, kan yara da tsofaffi da ma'aikatan gidan waya masu kai wasiƙa ƙofa-ƙofa, waɗanda ƙungiyarsu ta yi shekaru tana kuka. Da karnuka suka kashe wata yarinya 'yar shekara 14 a wani gida kusa da Wigan a watan Maris na 2013, aka kuma rasa sashen wannan doka da za a tuhumi mai su da shi, sai majalisa ta faɗaɗa ta a 2014 ta haɗa da cikin gida, ta ɗaga iyakar ɗauri daga shekara 2 zuwa 14 idan an rasa rai, 5 idan rauni ne, 3 kuma idan karen da ke yi wa makaho ko nakasasshe jagora aka far wa. Daga Afrilun 2016 ya zama wajibi a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda lambarta ke kai wa ga sunan mai shi da adireshinsa, wato rabin rajistar da aka ƙi a 1990. A shekarar ce RSPCA ta fitar da rahoton da ya ce cikin mutum 30 da karnuka suka kashe tun 1991, 21 karnukan da ba a haramta ba ne suka kashe su, kuma waɗanda aka kwantar a asibitocin Ingila saboda kare sun tashi daga 4,110 zuwa 7,227 a shekara cikin shekaru goma da suka ƙare a 2015.

Wasu ƙasashen Turai sun gwada hanyar haramci suka janye: Holan ta hana pit bull a 1993 ta soke hanin bayan shekara 15 da bincike ya nuna cizo bai ragu ba, Italiya kuma ta jera jinsuna 92 a 2003, ta rage su zuwa 17, ta watsar da jerin a 2009. Jihar Niedersachsen ta Jamus ta zaɓi jarraba mutum, inda tun 2013 sabon mai kare sai ya ci jarrabawar rubutu kafin ya mallaka, ya ci ta aiki da karen a shekarar farko, ya kuma yanki inshora.

Birtaniya ba ta janye ba, ta ma ƙara na biyar. XL Bully, ƙaton kare da aka samar a Amurka daga tsatson pit bull, ya yaɗu a ƙasar bayan 2014 musamman a lokacin kullen korona, ya kashe wani yaro ɗan shekara 10 a Caerphilly ta yankin Wales a 2021, gwamnati kuma ta ce mace-macen da a da ba su wuce kimanin uku a shekara ba sun kai 23 daga farkon 2021 zuwa kakar 2023, wannan kare yana da hannu a kaso mai yawa. Firayim Minista Rishi Sunak ya sanar da haramcin ranar 15 ga Satumba 2023, kwana ɗaya bayan an kashe wani mutum a gundumar Staffordshire. Daga 31 ga Disamba aka hana kiwo da sayarwa, daga 1 ga Fabrairu 2024 mallakarsa ba takardar keɓewa ta zama laifi a Ingila da Wales. An sake ɗauko tef, aka ce namiji ya kai santimita 51 a kafaɗa, mace 48. Hukuma ta yi ƙiyasin akwai kimanin 10,000, waɗanda aka yi wa rajista kuwa suka haura 50,000.

Masu goyon bayan haramci suna da hujjar da ba a ture ta da sauƙi, cewa cizon kare mai kilo 50 da na ɗan ƙaramin kare ba ɗaya ba ne, kuma hukuncin da ke zuwa bayan an binne yaro bai tsare kowa ba. Sai dai giɓin da ke tsakanin 10,000 da 50,000 ya isa shaida cewa hukumar da ke auna ƙirjin karnuka da tef ta shafe fiye da shekaru talatin ba ta san adadinsu ko hannun da suke ciki ba, masu kiwo don kuɗi kuma sun nuna cewa suna iya samar da sabon nau'i kafin majalisa ta rubuta sunan na baya, wanda shi ne abin da Bahaushe ke kira barin jaki a daki taiki. Har yanzu a Ingila mutum zai iya sayen Rottweiler ko Alsatian ba lasisi ba jarrabawa ba inshora, kuma sashe na 2 na dokar 1871, wanda ba ya tambayar siffar kare, yana nan yana aiki a ƙananan kotunan ƙasar.